Fararen Ɓerayen Malam Gali

Malam Gali ya daɗe yana kiwon fararen ɓeraye a Kabo kafin maƙwabta su gaji da yi masa dariya. Ɗaki guda ya ware musu a bayan gida, kusa da rumbu, ya jera keji kan keji har kusa da rufi. Ɗaliban jami'a ne masu saye. Sukan zo daga Kano da Zariya da kwali mai huji-huji, su zaɓi waɗanda suke so, su tafi da su ɗakin gwaji. Shi Gali nasa shi ne amsa waya da ciniki da surutu a majalisa. Shara da ba da abinci da canza dusar katako kuwa, duk na matarsa Hussaina ne.

Hussaina ba ta haihu a gidan Gali ba. Ɗanta ɗaya ne a duniya, Lukuman, wanda ta haifa a aurenta na fari a Kutama. Mijin nata na lokacin, Jalo, ya sake ta cikin fushi tana goyo, ya kuma ƙwace yaron tun bai fara rarrafe sosai ba, ya kai wa uwarsa. Tsohuwar ba ta gani da kyau, ga gona ga surfe, sai ta riƙa kulle shi a ɗaki da kwanon koko ta fita. Lukuman ya tashi a haka. Da ya zama saurayi ya shiga ƙwadago, ya koyi shan ƙwayar nan da ke sa mutum ya wuni yana huɗa bai san gajiya ba. Ya sha ta shekaru, har ya rame, haƙoransa suka fara lalacewa. Bayan rasuwar Jalo ne ya nemo uwarsa da kansa. Ta yi ta fama da shi, da kuka da addu'a da asibiti, har Allah ya sa ya bari. Ya koyi walda a Gwarzo, ya buɗe 'yar rumfarsa kusa da tasha. Rabin kejin da ke ɗakin Gali ma shi ya ƙera su.

A shekarar da wannan abu ya faru, Lukuman yana neman auren Bilki, 'yar Malam Datti mai sayar da hatsi a kasuwar Gwarzo. Malam Datti ya san tarihinsa, ya kuma ce wanda ya tuba ya tuba. An kai kaya, an sa rana bayan kaka. Hussaina kuma ta faɗa a fili cewa ranar ɗaurin aure za ta ba ɗanta gonar da ta gada a Masanawa. Gonar nan Gali ne ke noma gero da gyaɗa a cikinta tun da ya aure ta. Da ta faɗa, ya dai ci gaba da sakace haƙori.

Da farkon damina Zainulabidin ya zo. Ɗan yayar Gali ne, yana digiri na biyu a fannin magunguna. Malaman jami'a suna yajin aiki, an rufe ɗakin dabbobin makarantarsu, shi kuma ba ya son aikinsa ya tsaya. Ya ce zai yi kashi na farko a nan Kabo.

"Inna Hussaina, abin ba wuya," ya ce mata a ƙofar ɗakin ɓerayen. "Waɗannan iyayen duk sun kusa haihuwa. Rabinsu ki bar su da 'ya'yansu, kada ki taɓa. Rabin kuwa kullum da safe ki kwashe jariran ki sa a wancan kwali, ki kai su zaure, awa uku, sannan ki mayar. Mako biyu za a yi ana haka."

"Ba sa mutuwa?"

"A'a. Ki dai sa musu gorar ruwan ɗumi a gefe."

Ta yi yadda ya ce. Jariran jajaye ne, ba gashi, idanunsu a rufe, kowanne bai fi ɗan yatsanta ba. In ta sa hannu, uwar takan bi hannun da hanci, ta dawo ta tone dusar katakon, ta zagaya kejin, ta sake tonewa a inda ta riga ta tona. Su kuwa jariran a kwali sai buɗe baki suke suna rufewa, ba sauti.

"Ba sa ko kuka," ta ce da Zainulabidin wata rana.

"Suna yi mana," ya ce, yana danna wayarsa. "Kunnenmu ne ba ya kamawa. Uwarsu tana ji."

Tun daga ranar ta daina zama a zaure in kwalin yana can.

Da suka yi gashi, Zainulabidin ya shafa wa waɗanda aka raba jan fenti a wutsiya, sauran ya shafa musu shuɗi. Suka girma tare, abinci ɗaya, ruwa ɗaya. In ba fentin ba, Hussaina da kanta ba za ta iya bambanta su ba. Da aka janye yajin aiki ya zo da mota ya kwashe su zuwa Kano.

Ana cikin yankan gero ya dawo gaishe su. Bayan la'asar suna zaune a tsakar gida, shi da kawunsa a tabarma, Hussaina a gefe tana ɓarar gyaɗa, sai ya fito da waya.

"Kawu, zo ka ga aikin ɓerayenka."

Bidiyo ne. Akwati mai faɗi, an zana layuka a ƙasansa. Aka yi wa wani mai shuɗiyar wutsiya allura aka saka shi. Ya yi ta kai da komo da sauri, yana shinshine-shinshine, can ya lafa ya koma lungu yana lasar jikinsa. Sai aka saka mai jar wutsiya. Shi bai lafa ba. Ya yi ta zagaya akwatin a guje, ya miƙe tsaye, ya sauka, ya miƙe, yana kaɗa kai sama da ƙasa, yana gwaguyar bangon da babu abin ci a jikinsa. Gali ya yi dariya har ya dafe ciki.

"Me ka ɗura masa haka?"

"Maganin ƙara kuzari ne, dangin wanda 'yan ƙwadago ke sha. Awo ɗaya aka ba su duka. Kalli wannan kuma." Ya nuna wani akwati mai ɗaki biyu. "A ɗakin dama ake yi musu allurar. Yau ba a ba su komai ba, an buɗe ƙofa kawai. Ka ga masu jan nan? Can suke komawa su zauna suna jira."

Hussaina ta ajiye gyaɗar. Ta daɗe ba ta sa baki a hirar maza ba, amma maganar ta fito da kanta.

"Zainu, to mutum fa? In an raba shi da uwa yana jinjiri?"

Bai ɗago kai daga wayar ba. "Ai saboda mutum ake yin gwajin, Inna. Ana ganin ƙwaƙwalwa tana riƙe irin wannan, ko shi mai ita bai tuna ba. In ya girma ya haɗu da ƙwaya, takan fi kama shi."

"Har abada?"

"To, wannan sai an ƙara bincike."

Gali ya dube ta, ya dubi yaron, sai murmushi ya bazu a fuskarsa. "Ashe gwajin nan an riga ka yi, Zainu. A Kutama aka yi shi, shekara ashirin da wani abu. Tura min bidiyon nan."

Ya tura masa.

Kafin mako ya zagayo babu wanda ke zama a majalisar bakin masallacin unguwarsu da bai ga ɓeran yana zagaye ba. Gali ya iya ba da labari. Yakan fara da allura da akwati, ya kwaikwayi kaɗa kan ɓeran har mutane su kwanta da dariya, sannan ya rage murya ya ce likitoci sun tabbatar, duk wanda aka cire daga nono kafin lokaci, in ya taɓa ƙwaya sau ɗaya ya gama yawo. Ko ya bari, jira yake. Ba ya ambaton suna. Ba sai ya ambata ba.

Ran kasuwar Gwarzo ya hau babur ya tafi rumfar Malam Datti. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali da kasuwa da yadda gero ya yi bana, ya sha ruwa. Sannan ya ce akwai maganar da ta hana shi sukuni, amana ce, in ya yi shiru Allah zai tambaye shi. Yaron nan kamar ɗa yake a wurinsa, amma Bilki ma 'ya ce. Ya fito da wayar.

Malam Datti ya kalli bidiyon sau biyu. "Amma ai wannan ɓera ne, Malam Gali."

"Ɓera ne. Da shi ake gwada duk maganin da kake sha. Ɗan 'yar'uwata ne ya yi, likitan magunguna. A gabana uwar yaron ta tambaye shi, ya ce mata mutum ma haka ne."

Yaran da ke auna hatsi a rumfar sun ji komai. Kafin magariba labarin ya kai tasha. Washegari da Lukuman ya zo buɗe rumfarsa ya tarar an shafa jan fenti a bayan baburinsa, dogon layi daga kujera zuwa lamba. Wani ɗan kamasho ya ɗaga murya daga nesa, "Jan-wutsiya, an tashi lafiya?" Tasha ta ɗauka. Masu shayi, masu faci, har yaran da shi ya koya wa riƙe ƙarfe. In ya wuce sai wani ya riƙa kaɗa kai sama da ƙasa. Da farko ya yi dariya tare da su, don bai san tushen abin ba. Sai wani ya nuna masa bidiyon ya yi masa bayani.

Bayan 'yan kwanaki ƙanin Malam Datti ya kawo kayan sa rana Kabo a bayan a-kori-kura, ya sauke su a zaure, ya ce a yi haƙuri, an yi istihara.

Hussaina ta yafa mayafi ta tafi Gwarzo. Malam Datti ya karɓe ta da mutunci, ya sa aka kawo mata fura. Ta ce masa shekara biyu ɗanta bai taɓa ko sigari ba, kowa shaida ne.

"Na sani, Hajiya. Ni ma ina son yaron. Da maganar mutane ce da ban saurara ba. Amma wannan ilimi ne. Ke da kanki aka ce kin tambaya an ba ki amsa."

"Zainu bai ce har abada ba."

"To ya zo ya faɗa min da bakinsa."

Daga cikin gida tana jin kukan Bilki da muryar wata mace tana ce mata ta yi shiru, an yi baƙuwa.

A bakin titi ta kira Zainulabidin. Ya saurare ta har ta gama, ya yi salati, ya ce shi bai taɓa cewa haka ba, shi a kan ɓera ya yi magana, kuma ko a ɓeran ma lissafi ne na jimla.

"To ka zo ka faɗa wa Malam Datti. Gwarzo ce, ba nisa."

"Inna, wallahi ina cikin rubutu, an sa min ranar kare aikina. Kuma kin san Kawu. In na je na ƙaryata shi a gaban mutane, Umma ba za ta yafe min ba. Ki bari abin ya lafa."

"Ko a waya ka yi masa magana."

"Zan duba," ya ce. Bai kira ba.

Lukuman ya zo Kabo ranar wata Juma'a da azahar. Bai tsaya a tsakar gida ba, ya wuce ɗakin ɓerayen inda take shara. Ya tsaya yana kallon kejin da ya ƙera.

"Inna, da hannunki kika riƙa kwashe su?"

"Ni ce."

"Ni ma haka aka yi min? A ɗaki?"

Ta ce haka maƙwabta suka gaya mata daga baya.

"Ba ki zo ba?"

"Na zo. Sau uku babanka yana korata, na ƙarshe da sanda. Na taɓa tsayawa a bayan katanga ina jin ka."

Ya gyaɗa kai. Bai yi mata faɗa ba, bai kuma rarrashe ta ba. Ya tambayi inda Baba Gali yake.

Gali yana majalisa, an sauko daga masallaci, mutane sun cika tabarmi. Lukuman ya yi sallama, ya durƙusa kamar yadda ya saba, ya ce cikin ladabi yana roƙon Baba ya je ya gyara maganar da ya yi a Gwarzo.

"Wace magana na yi da ba gaskiya ba?" Gali ya ce. "An raba ka da uwarka ko ba a raba ba? Ka sha ko ba ka sha ba?"

"Na sha, Baba. Na bari."

"Ka bari." Gali ya sa hannu a aljihun rigarsa. Ya fito da sallen ƙwaya guda, irin wadda Lukuman ya sha a da, ya jefa a kan tabarma a gabansa. Ya saye ta ne tun kwanaki yana yawo da ita. "To ga gwaji. Mu ma yau mu zama likitoci."

Wani dattijo ya ce, "Haba Malam Gali, wannan bai dace ba." Amma a hankali ya faɗa, kuma samari biyu sun riga sun ɗaga waya.

Lukuman ya dubi abin. Ga kwata nan a bakin hanya, taku kaɗan. Ya miƙa hannu ya ɗauka don ya jefa a ciki.

"Kun gani!" Gali ya daka tsawa yana tafi. "Ya koma ɗakin dama!"

Dariya ta ɓarke. Lukuman ya tsaya da abin a hannu, yana duban fuskokin mutanen da ya yi wa ƙofofi da tagogi. Sai ya juya ya hau baburinsa ya tafi, hannunsa a dunƙule. Bidiyon da ya zagaya Gwarzo a yammacin nan a daidai inda ya ɗauka ya tsaya.

Ba a ranar ya sha ba. Abokin aikinsa ya ce kwana da kwanaki sallen yana kan tagar rumfar, a rufe, yana aiki yana kallonsa. Amma aiki ya ja baya, masu kawo gyara suka koma wata rumfar. Ranar da aka ji an sa wa Bilki rana da wani malamin firamare, Lukuman ya wuni yana walda ba ci ba sha, yana haɗa ƙarafan da ba wanda ya sa shi, yana surutu shi kaɗai. Mutanen tasha suka taru suna kallo. Wasu suka ce ai dama an faɗa.

Bai yi wata guda ba ya sayar da injin waldar, ya hau motar shanu zuwa Legas. Bai yi wa uwarsa sallama ba.

Da rani Zainulabidin ya gama karatunsa. Gali ya ce a gidansa za a yi walima, tunda ɓerayensa ne suka yi digirin. Ya sa Hussaina suyar waina tun safe. Baƙi suka cika zaure, ana jin muryar Gali yana ba da labarin akwati mai ɗaki biyu.

Zainulabidin ya shigo tsakar gida neman ruwan wanke hannu. Ya gaishe ta, ya ce da ba don ita ba da aikin bai yiwu ba, har sunanta ya sa a shafin godiya. Ta ce Allah ya sa albarka, tana juya waina.

"Kin san wani abin mamaki, Inna? Akwai kashi na ƙarshe da na ƙara. Na ɗebi wasu daga masu jan nan na sa su a babban keji, da 'yan'uwansu, da abin hawa da wurin ɓuya. Bayan wani lokaci na sake gwada su. Yawancinsu sun dawo kusan daidai da sauran. Har malamina ya ce nan ne aikin ya fi armashi. Kuma tun farko ma akwai masu jan da allurar ba ta ɗauke su ba ko kaɗan."

Ta tsaya da cokalin a hannu. "Yaushe ka san wannan?"

"Tun wajen sanyi."

"Kafin auren Bilki."

Ya dubi butar da ke hannunsa. "Lokacin ban gama lissafin ba, Inna. Ba a faɗin sakamako sai an tabbatar."

Aka kira shi daga zaure, ana son ɗaukar hoto. Ya ajiye butar ya fita.

Ta bar tandar a kan wuta ta shiga ɗaki ta kira Lukuman. Sai a kira na uku ya ɗauka. Bayansa hayaniya ce da ƙarar motoci. Ta faɗa masa duk abin da ta ji, babban kejin, da waɗanda suka dawo daidai, da waɗanda tun farko ba abin da ya same su. Ta maimaita don kada ya zama bai gane ba. Ya saurara bai katse ta ba, tana jin numfashinsa da sauri-sauri.

"An ɗaura auren?" ya ce.

"An ɗaura."

"To, Inna. Na gode." Ya kashe.

Da ta sake kira bayan kwana biyu, layin ba ya shiga. Bai sake shiga ba.

Kafin damina ta tattara kayanta ta koma gidan wanta a Masanawa. Gali bai hana ta ba, bai kuma ba ta takarda ba, ya ce aurensa yana nan, don haka gonar ma shi zai ci gaba da nomawa har a zauna a yi magana. Wan nata ya kai ƙara wurin dagaci, ana ta ɗage zaman. Gali ya ɗauko wata 'yar ƙanwarsa tana kula da ɓerayen, ya kuma fasa bangon ɗakin ya ƙara masa faɗi, don ɗalibai sun ƙaru tun da aikin Zainulabidin ya yi suna a sashensu.

Wani direban Kabo da ke kai shanu kudu ya ce ya ga Lukuman a Agege yana sauke buhuna, shi kaɗai yana aikin mutum uku. Ya kira sunansa, ya juyo ya dube shi, ya ci gaba da aikinsa.